Yoyon Kan Mota: Direba Ke Jiƙewa, Falke Ke Biya

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. To wannan magana ta yi daidai a kan soro da jinka, amma a kan babbar mota ba ta cika ba. Direba ya san inda ruwa ke ɗiga masa, a gwiwa ko a kan takalmi, amma ka tambaye shi ta ina ruwan ya shigo, sai ka ga ya ɗaga kai yana kallon rufi. Mai motar kuwa ko ɗigar bai sani ba, don yana gida. Mu kuma da muke loda dukiyarmu a bayan motar ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin namu ba. Shi ya sa muka nemi fili a wannan takarda ta ƙungiya, domin mu a nan Suki mun ɗanɗana, kuma muna ganin yoyon kan mota maganar falke ce kafin ta zama ta kowa.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san yadda muke duba mota kafin mu yi jinga. Mu zagaya mu bubbuga tayoyi, mu hau bodi mu tattaka katakon ƙasa kada ƙafar saniya ta burma, mu girgiza ƙarafunan gefe da sakatar ƙofar baya, mu tambaya ko an zuba yashi. In muna da lokaci mu sa a tada inji mu saurara. Amma wa ya taɓa buɗe ƙofar direba ya ɗaga tabarmar roba ya ga abin da ke ƙarƙashi? Ba ma yi. Mun ɗauka can ɗakin direba ne, in ya jiƙe shi ya jiyo.

Bari mu ba da labarin abin da ya same mu wata damina, tun kafin yaƙi. Mun loda shanu da la'asar za mu Gadarif, muna sauri mu riski ranar kasuwa da wasu masu saye da ke jiranmu. Hanyar ƙasa ta Dindir da Hawata ta riga ta kwaɓe, saboda haka muka zagaya ta kwalta, ta Sinnar da Madani. Bayan lisha hadari ya taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba a jima ba yaron mota ya ce ƙafarsa na jiƙewa. Direba ya yi dariya ya ce ai kullum haka take yi, ya miƙa masa tsumma. Mu ma muka taya shi dariya. Can mun wuce Fau sai fitilun gaba suka fara ƙyaftawa, waifa ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, sannan komai ya ɗauke. Ga duhu, ga ruwa, ga manyan motoci na tahowa daga gaba. Direba ya lallaɓa ya sauka gefen titi, kuma duk wanda ya san baƙar lakar ƙasarmu ya san abin da ya biyo baya. Tayoyin gefe guda suka nutse, mota ta karkata.

Mota in ta karkata, shanu gefe guda suke taruwa. Wani bijimi ya kwanta, sauran suka hau shi. Tocilar da ke hannunmu ba ta isa komai ba a cikin wannan ruwa, yara suka yi ta jan wutsiya da igiya ba su iya tada shi ba. Da asuba dole muka sa masa wuƙa a bakin hanya, muka sayar da naman yadda masu saye suka ga dama, don sun san ba mu da zaɓi. Asara ta farko ke nan. Ta biyu sai da gari ya waye muka gan ta. Takardunmu duka, ta likitan dabbobi da ta izinin wucewa da rasiɗan haraji, suna cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja, sun sha ruwa sun manne da juna, tawadar hatimi ta bazu. A shingen bincike na gaba jami'i ya juya su ya juya, ya ce shi bai ga hatimi a nan ba. Ba mu ga laifinsa ba. Sai da muka tura yaro baya ya sake karɓo wasu, mu kuma muna zaune muna sayen ruwa da ciyawa, shanu na zubewa a kan idonmu, ranar kasuwa ta wuce.

Da aka kai motar wurin gyara, mai wuta ya ce ruwa ne ya zauna a akwatin fis har wayoyi suka haɗu. Aka gyara. Amma ta ina ruwan ya zo? Direba ya rantse robar gilashi ce, don nan yake ganin danshi. Aka sayi sabuwa aka sa, ruwan gaba ya sake shiga. Sai wani tsohon samkari, wato fanalbita, ya sa aka ɓalle silin, ya nuna mana tabon tsatsa ya ja layi tun daga tsakiyar rufi. Ashe notin hon ne, irin mai iskar nan da direbobi ke ɗaurawa a sama don burga. An huda rufi an ɗaure shi ba a sa masa roba ba. Ruwa ya shiga ta ramin da ko ƙaramin yatsa ba ya wucewa, ya bi cikin rufi, ya gangara ta ginshiƙin gilashi, ya ɓulla bayan dashbod. Bijimi guda da ranar kasuwa guda, a kan ramin noti.

Tun daga ranar muka sake lissafi. Bodi ne ke ɗauke da shanu, gaskiya ne, amma abubuwan da ke kai shanun kasuwa duk a kan mota suke: direba, wutar mota, takardu, yanzu kuma har da waya, tunda ciniki da yawa ta waya ake tura kuɗinsa. Mu masu ƙetare iyaka abin ya fi shafa. Wanda ya kai shanu kasuwar ƙauyensu, fuskarsa ce takardarsa. Wanda kuwa ya tsaya a Galabat yana karɓar shanun da suka fito ta Matamma, ko ya nufi Wadi Halfa da dabbobin da za su shiga Masar, ko ya gangara Sawakin, ba wanda ya san shi sai abin da takarda ta ce. Sa'annan direban da ya kwana da jiƙaƙƙen wando a kan jiƙaƙƙiyar kujera, gilashi ya yi hazo daga ciki yana gogewa da hannu, ba shi ne direban da muka yi jinga da shi da safe ba.

Wani zai ce to a bar tsofaffin motoci mana. A bar su a hau me? Sifinjar da ke hanyoyin kasuwanninmu Bedford ce 'yar Ingila, wadda aka fara ƙera irinta a 1958. Kamfanin ya bar yin manyan motoci tun 1986, wasu suka ci gaba da ita na 'yan shekaru, su ma suka bari. Hannun maƙeran ƙasar nan ne ya riƙe ta, su suka ƙara mata ƙarfin shasi da sifirin, suka gina mata bodi, wasu ma har kan nata suka sake. Hino da Nissan da Mercedes da ke hannun irinmu, yawancinsu sun girmi yaran da ke wanke su.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafin. Hartum, inda kayan gyara suka fi taruwa, ta rufe mana, Madani ta bi baya a Disambar shekarar. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, Suki a Yuli, sojoji ba su dawo da garinmu ba sai Oktoba. Ku dubi watannin nan, damina ce cif. Motocin da ba a kwashe ba, wasu an ɓoye su a gonaki, wasu an cire musu taya da batir an bar su a fili, suka sha ruwan damina guda ba wanda ya buɗe ƙofa iska ta shiga. Wasu gilashi a fashe, wasu da hudar harsashi a rufi. Da aka dawo kowa inji ya duba, da ya tashi sai hamdala, aka koma lodi. Tsatsar da ta kama ƙarƙashin tabarma a wancan lokaci ba wanda ya leƙa ta. Sabuwar mota kuwa, wanda ya ga yadda fam ɗin Sudan ya zube tun 2023 ba zai kawo maganarta ba.

A ƙasarmu ba ruwa ne ke fara ɓarna ba, rana ce. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, ƙarfen rufi kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Roba ta bushe ta ƙanƙance, ta janye daga kusurwoyin gilashi, ta tsattsage. Danƙon da kamfani ya shafe mahaɗar rufi da shi ya koma kamar busasshiyar laka. Hanyoyinmu na ƙasa suna murɗa kan mota dare da rana har walda ta saki. Habub ya zo ya cika kowace magudana da ƙura, ƙaiƙayin dawa da na riɗi da ciyawar shanu su ƙarasa toshewa. Sai ruwan farko na Yuni ya zo ya tarar an share masa hanya. Akwai kuma wanda ya keɓanta da motar shanu, wato fitsari da kashi. Duk sanda aka taka birki, abin da ke ƙasan bodi gaba yake kwararowa, ya fantsama bangon bayan kai da ƙafafun da kan ke zaune bisa su. Fitsarin shanu ya fi ruwan sama cin ƙarfe, shi ya sa za ka ga motar shanu ta ruɓe ta baya alhali sa'arta mai ɗaukar hatsi tana nan garau.

To yaya ake neman yoyo? Kafin komai a tabbata ruwan sama ne. A dangwala a murza a yatsa, a sansana. In yana da santsi kamar mai, kuma ta saman ƙarfen taka birki ko na kuloci yake gangarowa, wannan man birki ne, kuma motar ba ta lodi ba ce sai an gyara. In ruwan da ɗumi, yana zuwa ko ba a yi ruwan sama ba, lagireto kuma kullum sai an ƙara masa, to hita ce ta fashe a bayan dashbod. Makanike na iya haɗe bututunta biyu ya zagaye ta, sai dai a sani ita ce ke share hazon gilashi in ana ruwa da dare.

Wanda ke da ido, rani ma na nuna masa. Bayan habub a duba cikin kai kafin a share: duk inda ƙura ta ja siririn layi, a gefen ƙofa ko kusurwar gilashi, nan iska ke shiga, kuma inda iska ta bi ruwa zai bi. Da dare mutum ɗaya ya shiga da tocila mai ƙarfi ya riƙa bin gefuna da ƙasa, wani a waje yana duba inda haske ya leƙo. Robar ƙofa kuwa da takarda ake gwada ta. A rufe ƙofa a kan takardar, a ja. In ta riƙe roba na aiki, in ta zare salin-alin to nan wurin babu matsi. A zagaya ƙofar duka da haka. Sau da yawa ba robar ce ta mutu ba, ƙofar ce ta sauka don hinjinta ya ci.

Babban gwaji shi ne na ruwa, kuma nan ne kusan kowa ke kuskure. Sai ka ga yaro ya ɗauki bokiti ya sheƙa a kan rufi, ruwa ya ɓulla ciki ta wuri uku, a ce an gani. Ba a ga komai ba. A fara fitar da tabarma da buhunan da aka shimfiɗa ƙarƙashinta, a cire kujera in tana ciruwa, a ɓalle kwalin ƙofa da silin in da hali, a bar kai ya bushe ƙayau a rana. A barbaɗa garin alli a wuraren da ake zargi, don ɗigo ɗaya in ya bi ta kai sai ya bar sawu. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ƙofofi a rufe, ɗaya a waje da buta ko tiyo marar ƙarfi. Daga ƙasa ake farawa. A zuba a ƙasan ƙofa, a daɗe ana zubawa, kamar minti biyar a wuri guda, sai na ciki ya ce babu sannan a hau gaba: gefen gilashin ƙofa, gindin waifa da ƙasan gilashin gaba, gefunansa, samansa, gilashin baya, indararon rufi, daga ƙarshe rufin kansa da duk abin da aka ɗaura masa, ɗaya bayan ɗaya. Dalilin a fili yake. In ka fara daga sama, ruwan zai bi ta kan duk ramukan da ke ƙasa, ba za ka san wanne ya sha ba. Da an ga ɗigo a tsaya, a bi sawunsa sama har inda ya fito, a yi alama, a goge, a maimaita don a tabbata. Kuma kada a ce an gama don an sami ɗaya, tsohuwar mota ba ta yoyo ta wuri guda. Aikin rabin yini ne na mutum biyu, kuma haƙuri yake so ba ƙarfi ba.

A tuna kuma mota ba a tsaye daidai take shan ruwa ba. Wata ba ta yoyo sai ta kwana hanci a ƙasa, wata sai da lodi, lokacin da baya ya zauna gaba ya ɗaga. A tambayi direba yaushe yake ganin ruwan, a tsayar da motar yadda ya faɗa. In a tafe kaɗai ne, a duba ƙasa, don ruwan da taya ke watsowa yana shiga ta ruɓaɓɓen daɓe, ta robar gindin giya, da ramukan bangon da ke tsakanin inji da direba, inda aka zura wayar rediyo ko ta caji aka yar da robar ramin. Wanda ya gagara a kai shi wurin mai faci. A shafa ruwan sabulu a waje, a bi mahaɗar da iskar injinsa daga ciki, inda kumfa ya taso nan ne, kamar dai yadda yake neman hudar tiyub.

Akwai yoyon da ba rami ne ya kawo shi ba, toshewa ce. Masu ƙera mota sun san ruwa zai shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, shi ya sa suka bar 'yan ramuka a ƙasanta ya fita. Haka kwarin da ke gindin gilashin gaba, inda iska ke shiga, a motocin da ke da shi, yana da magudana hagu da dama. In laka ta toshe su, ruwa ya taru ya tsallako ciki. Maganinsa guntun waya da buta, ko sisi ba a kashewa. Amma mun ga wanda ya hangi ramukan ƙasan ƙofa ya ce ga ɓarawon, ya liƙe su da kwalta. Ba a yi nisa ba ƙasan ƙofar ya ruɓe ya zube.

Yanzu ga inda za mu ɓata wa wasu rai. Silikon ɗin nan na tagar gida, mai warin tsami in ana matsa shi, ba na jikin mota ba ne. Warin nan asid ne yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma a kan ƙarfen da fenti ya bari tsatsa yake taimakawa. Fenti ba ya kama shi, wani danƙon ma ba ya kama wurin da ya taɓa sai an kankare tas. Ya riƙe 'yan watanni, gefensa ya ɗaga, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Kwalta da sabulu da tsumma da cingam, duk mun gani. Na hanya ne, su kai ka gari, amma ba gyara ba ne. Haka ma'ajun da samkari mai gaggawa ke cika rami da shi ya bi da fenti. Ido ya gamsu, amma ma'ajun na shan ruwa, kan mota kuma na murɗawa, sai ya tsage.

Gyaran gaskiya daga kankare tsatsa yake farawa, da burushin waya da samfefa, har farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje a yanke a sa sabon falle a yi walda, bayan an cire kan batir, an fitar da kujera da silin da duk abin da wuta za ta kama, ga bokitin ruwa a kusa. A shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ciki da waje, ya bushe, sannan a bi mahaɗa da danƙon jikin mota, irin wanda ba ya sandarewa kuma fenti na hawa kansa. Duk notin da ya ratsa rufi, na hon ko fitila ko eriya ko ƙarfen kaya, a kwance shi a sa masa washar roba sama da ƙasa, tsohon tiyub ya isa a yanka. Wanda ba ya aiki a cire shi a toshe ramin da walda. Mu dai a ganinmu jerin fitilu a goshin mota bai taɓa ƙara wa sa ƙiba ba.

Gilashin gaba irin na da, mai zama cikin roba, in robar ta mutu sai sabuwa, amma kada a yarda a sa ta ba a duba leɓen ƙarfen da take kamawa ba. Nan tsatsa ke ɓuya, musamman kusurwoyin ƙasa. A cire gilashi, a gyara leɓen, a yi fenti, sannan a mayar da igiya yadda masu aikin suka saba. In ba a sami robar irin motar ba aka sayi wadda ake aunawa a yanka, a bar mata ɗan tsawo, don za ta ƙanƙance. Daɓen ƙasa kuwa ba don ruwa kaɗai ake toshe shi ba. Ramin da ke shigo da ruwa da damina shi ke shigo da hayaƙin inji duk shekara, direba na ciwon kai yana gyangyaɗi ana cewa shayi ne bai sha ba.

Mun san abin da masu motoci za su ce, don wasunmu ma masu motocin ne. Za su ce man gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, kuɗin hanya ya yi yawa, mota in ta tsaya kwana uku wurin samkari wa zai ciyar da gida? Magana ce. Amma kwanakin nan sai an biya su ko ana so ko ba a so. Ko ka zaɓe su da kanka a watan Mayu, a cikin gari, mota ba lodi, ko su zaɓe ka a Agusta a bakin titi da shanun mutane a sama. Direbobi kuma tsoro ke sa su ɓoyewa, don in ya faɗa sai a ce shi ya huda, a cire a kuɗinsa. Robar da rana ta cinye ba laifin direba ba ce, na mai mota ne ya sake ta. Direban da ya huda rufi don ado ba da izini ba, shi ma ya san nasa. Mu masu sayar da dabba mun san hukuncin aibi tun muna makaranta: ka ɓoye ciwon saniya mai saye ya gano, yana da ikon mayar maka. To don me mai ba da hayar mota zai san wutarsa na ɗaukewa in an yi ruwa, ya yi shiru ya karɓi kuɗin lodi?

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya shi ne a sa wannan cikin sharuɗɗan jinga. Daga Yuni zuwa Oktoba, motar da za ta yi mana lodi a yi mata gwajin buta a gaban wakilinmu na tasha. Na tasha ba sai an ɓalle silin ba. A ɗaga tabarma, a leƙa akwatin fis a ga ko bakunan wayoyi sun yi kore, a zuba ruwa a gilashi da rufi na ɗan lokaci fitilu da waifa suna kunne. Bai kai lokacin da muke ɓatawa wurin jayayyar la'ada ba. Wadda ta faɗi ta je ta gyara ta dawo, layinta na nan. In kuwa mai mota ya san aibin ya ɓoye har aka yi asara, a zaunar da shi ya ɗauki rabonsa, kada a ce tsautsayi ne a watse. Mu fatake ma da namu laifin, don mu ne ke bin mota mafi araha, mu ne ke cewa direba ya taka ko hadari ya haɗo. In za mu nemi kai busasshe, to mu yarda mu ƙara wa mai busasshen kai wani abu a kan jinga, in ba haka ba mai gyara da marar gyara sun zama ɗaya.

Kafin shugabanni su zauna a kan wannan, takardu dai kada wanda ya sake sa su a akwatin dashbod. A sa su a leda biyu a ɗaure, su zauna a jikin mutum ko a jakar da ke rataye nesa da ƙofa, a kuma ɗauki hotonsu a waya tun a wurin likita. Hoton ba lalle jami'i ya karɓa ba, amma yana sauƙaƙa sake fitar da wasu, don lamba da kwanan wata na nan. Fis na ajiya da tocila mai sabon batir su ma su shiga ledar. Wanda kuma motarsa ta yi daminar 2024 a tsaye, ya ɗaga tabarmar gefen direba a wannan makon, ya caka sukuddireba a kusurwar da ke ƙarƙashin kuloci ya ga ko za ta wuce.